Gadaje 17,000 da Texas ba ta gina ba: yadda lissafin hasashe ya juya siyasar kurkuku a 2007

A watan Janairun 2007, hukumar da ke yi wa majalisar dokokin jihar Texas ta Amurka lissafin kasafin kuɗi ta fitar da hasashenta na yawan fursunoni. A lokacin mutanen da ke tsare a gidajen yarin jihar sun haura 150,000, har an fara kama hayar ɗakuna a kurkukun gundumomi saboda wuri ya yi kaɗan. Hasashen ya ce idan aka ci gaba da tafiya yadda ake tafiya, kafin 2012 ta ƙare za su kai kimanin 168,000, kuma mutum wajen 17,000 ba za su sami gadon kwanciya ba. Ma'aikatar da ke kula da gidajen yari ta riga ta miƙa buƙatarta: dala miliyan 523 na sababbin gine-gine, da wasu miliyan 184 na ci gaba da biyan haya. Kuma wannan somin-taɓi ne, domin an ƙiyasta cewa cike giɓin gaba ɗaya zai lashe kusan dala biliyan 2 cikin shekara biyar.

A Texas, irin wannan takarda amsa ɗaya aka san ta da ita, wato a zuba siminti. Jiha ce da ɗan siyasa ke cin zaɓe da alƙawarin tsaurara hukunci, kuma babu jihar da ta kai ta zartar da hukuncin kisa a Amurka. Amma a wannan karon majalisar ta tashi daga zamanta a watan Mayu ba ta ba da kuɗin ginin ba. Ta ɗauki dala miliyan 241 ta zuba a wuraren jinyar masu shaye-shaye da hanyoyin hukunta mutum ba tare da an kai shi kurkuku ba. Shekara huɗu bayan haka jihar ta rufe gidan yari a karon farko a tarihinta.

An sha ba da wannan labari a matsayin labarin 'yan siyasar da zuciyarsu ta yi laushi. Ni a ganina labarin lissafi ne, da yadda aka kwance lamba ɗaya aka nuna wa masu mulki cewa yawancin abin da ke cikinta aikin hannunsu ne.

Yadda aka kai ga cika

A 1972 wani fursuna mai suna David Ruiz ya rubuta ƙara da hannunsa zuwa kotun tarayya, yana kukan cunkoso da duka da rashin magani. A ƙarshen 1980 alƙali William Wayne Justice ya yanke hukuncin cewa yanayin gidajen yarin Texas ya saɓa wa kundin tsarin mulkin Amurka, kuma kotu ta ci gaba da sa ido a kansu fiye da shekara ashirin. Daga nan aka ɗora wa jihar iyaka: kada gidajen su wuce kashi 95 cikin ɗari na abin da za su iya ɗauka. Duk lokacin da aka kusa taɓa wannan iyaka, sai a buɗe ƙofar baya a yi ta saki. Wajen 1990, kusan kashi 80 cikin ɗari na waɗanda aka duba takardunsu don sakin sharaɗi, wato sakin fursuna bisa sharuɗɗa kafin wa'adinsa ya cika, ana sakinsu, wasu ma bayan sun yi ɗan ƙaramin kaso na wa'adinsu.

Cikin waɗanda suka fita a 1989 akwai Kenneth McDuff, mutumin da aka taɓa yanke wa hukuncin kisa saboda kashe matasa uku a 1966, aka mayar masa da shi ɗaurin rai da rai. Yana fita ya koma kashe mata. Sunansa ya zama abin da ake tsorata duk wani mai sassauci da shi, kuma hukumar sakin sharaɗi ta ja ƙofa ta rufe, adadin waɗanda take saki ya faɗo ƙasa da kashi 25. Aka koma ga gini. Tsakanin 1983 da 1997 Texas ta kashe dala biliyan 2.3 ta ƙara gadaje 108,000, mafi yawansu a zamanin Gwamna Ann Richards, wadda 'yar jam'iyyar Democrat ce. Cikin shekara goma da kammala su, duk sun cika.

A duk tsawon wannan lokaci akwai wata ƙaramar hukumar bincike da aka kafa a 1983, wadda aikinta shi ne ta riƙa gaya wa majalisa abin da kowace sabuwar doka za ta haifar a kurkuku. Tony Fabelo ne ya shugabance ta daga 1991. A 2003, shekarar da kasafin kuɗin jihar ya sami giɓin kusan dala biliyan 10, Gwamna Rick Perry ya soke kuɗin wannan hukuma, ta mutu, aikin hasashe ya koma hannun hukumar kasafin kuɗi ta majalisa. A wannan shekarar ce kuma aka zabtare kuɗin shirye-shiryen jinyar masu shaye-shaye a ciki da wajen kurkuku. Wannan yanka na biyu zai dawo ya bayyana a cikin lambar 2007.

Abin da ke cikin lissafin

Hasashen yawan fursunoni ba duba ba ne, kuma tushensa bai da wuya. A ɗauki gidan yari kamar randar da ake zuba wa ruwa ta sama ana ɗiba ta ƙasa: yawan ruwan da ke ciki ya dogara ga yawan abin da ake zubawa da kuma daɗewar da yake yi kafin a ɗebe. Idan mutum 1,000 ke shiga kowace shekara, kowa yana yin shekara 2, gado 2,000 ake buƙata. Idan aka ƙara wa kowa wata uku kacal, ba tare da an kama ko mutum ɗaya fiye da da ba, sai an nemo gado 2,250.

To a auna wannan da girman Texas, inda a wancan lokaci mutum sama da 70,000 ke shiga hannun ma'aikatar gidajen yari a shekara. A lissafi na kai-tsaye, ƙarin wata ɗaya a kan matsakaicin zaman kowa yana cin gado kusan 6,000. Giɓin nan na 17,000 da ya tayar wa kowa da hankali, ashe bai wuce nauyin wata uku ba.

Manhajar da masana ke amfani da ita ta fi haka zurfi, amma a kan wannan ginshiƙi take tsaye. Ana raba fursunoni rukuni-rukuni: irin laifin, tsawon wa'adin, dokar da aka yanke hukunci a ƙarƙashinta (domin wanda aka ɗaure a 1990 da wanda aka ɗaure a 1996 ba ƙa'idar saki ɗaya ke kansu ba), da kuma ƙofar da mutum ya shigo ta ita. Ƙofofin uku ne. Akwai wanda kotu ta aiko kai-tsaye. Akwai wanda aka yi wa ɗaurin talala, wato aka bar shi a gida ƙarƙashin sa idon jami'i, sannan aka soke talalar aka kawo shi. Akwai kuma wanda aka saka bisa sharaɗi ya karya sharaɗin aka dawo da shi. Kwamfuta tana ɗaukar kowane mutum, na gaske da ke ciki da na ƙiyasi da ake sa ran zuwansa, ta riƙa tura shi gaba wata bayan wata: yaushe zai cancanci a duba takardarsa, mene ne yiwuwar a sake shi a dubawar farko, in an hana shi yaushe za a sake dubawa, in ya fita mene ne yiwuwar ya dawo. A ƙarshen kowane wata sai a ƙirga waɗanda suka rage a ciki.

Duk waɗannan yiwuwar daga halin shekarun baya ake ɗauko su. Shi ya sa kowane irin wannan hasashe yana da sharaɗi a gindinsa, ko an rubuta shi da manyan baƙaƙe ko an ɓoye shi a shafi na talatin: idan alƙalai da masu gabatar da ƙara da jami'an talala da hukumar saki suka ci gaba da yin abin da suka yi bara. 'Yan majalisa da yawa ba sa karanta wannan sharaɗi. Suna karɓar lambar kamar sanarwar saukar damina, abin da zai zo ko an so ko ba a so.

Mutum biyu da mai lissafinsu

Jerry Madden ɗan jam'iyyar Republican ne daga yankin arewacin Dallas, injiniya, wanda ya yi makarantar sojoji ta West Point. A 2005 kakakin majalisar wakilai, Tom Craddick, ya naɗa shi shugaban kwamitin gidajen yari, fannin da shi da kansa ya ce bai san komai a kai ba. Madden ya sha ba da labarin umarnin da kakakin ya ba shi, wanda bai wuce jimla biyu ba: kada ka gina sababbin gidajen yari, sun cika tsada. A majalisar dattawa kuwa akwai John Whitmire, ɗan Democrat daga Houston, wanda aka taɓa yi wa fashi da bindiga a garejin gidansa, kuma yana cikin waɗanda suka jagoranci tsaurara dokoki da gine-ginen shekarun 1990. Ba wanda zai iya kiran ɗayansu mai tausayin ɓarayi, kuma wannan ya yi musu rana.

Sun fara gwadawa a 2005 da dokar gyara tsarin talala, Perry ya ƙi sa hannu, ko da yake an sami kimanin dala miliyan 55 na ƙara jami'an talala da gadajen jinya. Da 2007 ta gabato sai suka nemi taimakon cibiyar binciken shari'a ta ƙungiyar gwamnatocin jihohin Amurka, wadda gidauniyar Pew da ma'aikatar shari'a ta tarayya ke tallafa wa. Wanda cibiyar ta turo ya yi aikin shi ne Fabelo, mutumin da aka rufe wa ofis shekara huɗu da suka wuce.

Fabelo bai yi jayayya da hasashen hukuma ba. Ya karɓi lambar yadda take, ya tambayi daga ina take fitowa. A wani zama na haɗin gwiwa da kwamitocin Madden da Whitmire suka yi a watan Janairun 2007, ya nuna cewa ƙaruwar ba daga yawan laifi take ba, domin laifi raguwa yake yi, kuma ƙaruwar jama'ar jihar ba ta isa ta bayyana ta ba. Abu uku ne ke cika gidajen.

Na farko, talala. Tsakanin 1997 da 2006 yawan mutanen da ke ƙarƙashin talala ya ragu da kashi 3, amma waɗanda ake soke wa talala a kai su kurkuku sun ƙaru da kashi 18. Da yawansu ba sabon laifi suka yi ba. Gwajin fitsari ne ya nuna ƙwaya, ko sun ƙi zuwa ganin jami'i, ko sun kasa biyan kuɗin da aka ɗora musu. A Texas ana iya yi wa mutum talalar shekara goma, kuma duk wanda aka sa wa ido shekara goma da wuya a rasa ranar da zai yi tuntuɓe. Alƙalin da aka kawo wa irin wannan mutum zaɓi biyu gare shi, ko ya yi masa faɗa ya sallame shi, ko ya aika shi kurkuku, saboda wuraren jinyar da ke tsakiya an rufe su ko sun cika.

Na biyu ya fi ban takaici. Akwai mutane sama da 2,000 da ke jiran gurbi a shirye-shiryen jinya, cikinsu har da waɗanda hukumar saki ta riga ta amince su tafi gida da sharaɗin su kammala shirin watanni kafin su fita. Shirin babu wuri. Sai mutum ya zauna wata da watanni a gadon kurkuku mai tsada yana jiran kujerar aji. Kuɗin da aka ce an tsimi a 2003 ga inda yake zurarewa.

Na uku, hukumar sakin sharaɗi ba ta bin ma'aunin da ita kanta ta amince da shi. Tana da jadawalin maki daga 1 zuwa 7, wanda ke haɗa nauyin laifin da haɗarin mutum ya sake aikatawa, kuma kowane maki yana da adadin sakin da ake sa ran gani. Masu maki 7, waɗanda suka fi kowa ƙarancin haɗari, jadawalin ya ce a saki aƙalla kashi 76 cikin ɗarinsu. Hukumar ba ta ko kusa da haka. Jimillar sakinta a 2006 tana wajen kashi 26, alhali bin mafi ƙarancin abin da jadawalin ya tanada zai kai ta kusan 31. An lissafa cewa wannan tazara ta hana mutum 2,252 fita.

Daga nan sai Fabelo ya yi abin da lissafin ya fi amfani a kai. Ya riƙa canza zato ɗaya-ɗaya yana sake juya manhajar. In aka buɗe gadajen jinya kaza, layin jira ya ƙare, ina lambar 2012 za ta tsaya? In alƙalai suka sami wurin ajiye mai karya sharaɗi na wata biyu ko uku maimakon shekaru, nawa za a rage? In hukumar saki ta matsa zuwa 31? Kowane zaɓi da farashinsa a gefe, kusa da farashin gini. Ɗan majalisar da bai damu da makomar fursuna ba ko kaɗan yana iya karanta wannan jadawali ya ga inda arha take.

Cinikin da aka ƙulla

Majalisar Texas sau ɗaya take zama a shekara biyu, na kwana 140, kuma kasafinta na shekara biyu ne, saboda haka abin da ba a yi a wannan zama ba sai 2009. Dala miliyan 241 ɗin an raba su ne daidai da ramukan da binciken ya nuna: gadaje 1,500 a cibiyoyin jinyar masu manyan laifuka da shaye-shaye ya kai su, 1,400 a wuraren tsarewa na ɗan gajeren lokaci don masu karya sharaɗi, 800 na jinyar kwana ga masu talala, gurabe 3,000 na jinyar je-ka-ka-dawo, 1,000 na jinya a cikin kurkuku, 1,200 a ƙananan gidajen yarin jiha, gado 500 na masu tuƙi cikin maye, da 300 a gidajen da ake sauke wanda aka saka kafin ya koma cikin jama'a. An rage iyakar talala ga wasu laifukan ƙwaya da na dukiya daga shekara goma zuwa biyar. An wajabta kotunan musamman na masu shaye-shaye a duk gundumar da ta haura mutum 200,000. An kuma sa hukumar saki ta riƙa kawo wa majalisa rahoto kowace shekara tana bayanin inda ta kauce wa jadawalinta.

Masu shakka ma ba a bar su hannu rabbana ba. An tanadi izinin cin bashin dala miliyan 233 don gina gidajen yari uku, da sharaɗin ba za a taɓa shi ba sai in sabon tsarin ya gaza. Wannan ne ya ba masu tsoron a kira su masu sassauci mafakar da za su kaɗa ƙuri'a. Ba a gina gidajen ba.

Abin da ya biyo baya

Daga Janairun 2007 zuwa Disambar 2008, hasashen farko ya ce fursunoni za su ƙaru da 5,141. Sun ƙaru da 529. Tsakanin 2006 da 2008 mayar da masu sakin sharaɗi kurkuku ya ragu da kusan kashi 25, soke talala kuma ya ragu da wajen kashi 4. Adadin ya ɗan sake hawa har ya kai ƙololuwarsa ta kimanin 156,000 a 2011, sannan ya fara gangarowa. A wannan shekarar aka rufe tsohon gidan yarin Sugar Land da ke gefen Houston, wanda ya haura shekara ɗari a kan tsohuwar gonar rake. Gaskiya dai birni ya riga ya cim masa, filin ya yi daraja, kuma jihar na cikin wani matsin kuɗin, to amma ba a rufe gidan yari sai in akwai inda za a kai mutanen ciki. An rufe biyu a 2013, huɗu a 2017. Kafin annobar korona fursunonin sun sauko zuwa wajen 140,000, alhali jama'ar jihar sun ƙaru da miliyoyi, laifi kuma ya ci gaba da raguwa.

Labarin ya yi kasuwa. A 2010 masu ra'ayin riƙau na Texas suka kafa gangamin yaɗa shi a faɗin ƙasar, gwamnatin tarayya da Pew suka mayar da hanyar shiri na ƙasa, jihohi sama da 30 suka bi ta. Perry, wanda ya kashe ofishin Fabelo ya kuma ƙi dokar 2005, ya koma yana alfahari da sakamakon a yaƙin neman shugabancin ƙasa.

Wa ya yi aikin?

A nan ne nake ganin ya kamata a rage tafi. Lokacin da ƙaruwar ta tsaya cak a 2007 da 2008, yawancin sababbin gadajen jinyar ba a gama buɗe su ba, domin ba da kwangila ya ɗauki lokaci, wasu garuruwan kuma sun ƙi a kawo musu irin waɗannan cibiyoyi. Gadon da ba a buɗe ba bai warkar da kowa ba. Abin da ya motsa nan take shi ne hukumar saki. Tana duba takardu sama da 70,000 a shekara, saboda haka kowane ɗigo ɗaya cikin ɗari mutum 700 ne da ɗoriya. Ta tashi daga wajen 26 zuwa wajen 30 cikin ɗan lokaci, kuma zuwa 2012 ta haura 35. Babu dokar da ta tilasta mata. 'Yan hukumar, waɗanda gwamna ke naɗawa, sun ga cewa manyan jam'iyyu biyu sun tsaya a bainar jama'a sun ce a saki masu ƙarancin haɗari, wato in wani ya fita ya yi ɓarna ba su kaɗai za a rataya wa laifin ba. Inuwar McDuff ta ɗan ja baya. Jami'an da ke sa ido kan waɗanda aka saka su ma sun rage gaggawar mayar da mutum saboda ƙaramin kuskure.

Wannan ba ya rage darajar lissafin, sai dai yana canza abin da za a yaba masa. Bai yi aiki don ya faɗi gaibu daidai ba. Ya yi aiki don ya nuna wa kowane ofis rabonsa a cikin 17,000 ɗin, a gaban kowa, har ya zama abin kunya mutum ya ce ba ruwansa.

Sai kuma batun kuɗin da aka ce an tsira da shi. Dala biliyan 2 da ake ta ambato, wadda wasu suka kai ta 3, ba kuɗi ba ne da aka gani a asusu. Bambanci ne tsakanin abin da ya faru da abin da manhaja ta ce zai faru. Idan hasashen ya yi yawa tun farko, to nasarar ma an kumbura ta, kuma babu hanyar komawa 2007 a gwada ɗaya hanyar. Duk gwamnatin da ake auna ƙoƙarinta da hasashe tana da dalilin son hasashen ya yi muni. Kasafin ma'aikatar gidajen yarin Texas bai ragu ba a waɗannan shekaru, hawa ya ci gaba da yi. A daidai wannan zamani New York da New Jersey kowacce ta rage fursunoninta da kusan kashi ɗaya cikin huɗu tsakanin 1999 da 2012, laifi kuma ya faɗi a can ma. In da ainihin raguwa ake aunawa, Texas ba ta kama ƙafarsu ba.

Akwai kuma abin da manhajar ba a tambaye ta ba. Masu binciken sun zana taswirar inda fursunoni ke fitowa, suka gano cewa unguwanni 10 cikin 88 na Houston suna cin kusan dala miliyan 100 a shekara na kuɗin ɗauri. Waɗanda suka fara kawo tunanin karkatar da kuɗin kurkuku a 2003, Susan Tucker da Eric Cadora, nufinsu shi ne a kwashe kuɗin kurkuku a mayar da shi makarantu da ayyukan yi a irin waɗannan unguwanni. A Texas kusan duk kuɗin a cikin ma'aikatun hukunci ya tsaya, ya tashi daga wannan aljihu ya faɗa wancan. A 2013 Cadora da wasu masana, ciki har da James Austin da Todd Clear, suka fito fili suka ce shirin ya kauce daga manufarsa, ya koma daidaita cunkoso maimakon rage shi. Tsawon wa'adin manyan laifuka, wanda shi ne ya fi kowane abu nauyi a lissafin, ba wanda ya taɓa shi, domin babu ƙuri'a a nan. Baƙaƙen fata kuma, waɗanda ba su wuce kashi 12 ko 13 na jama'ar jihar ba, sun ci gaba da zama kusan kashi ɗaya cikin uku na fursunoni. An tambayi manhajar gado nawa, ta ba da amsar gado nawa.

Inda abin ya taɓo Najeriya

Ba za a ɗauko maganin Texas a shafa a Najeriya ba, domin ciwon ya bambanta. Gidajen yarin da aka yi wa wannan lissafi na waɗanda aka riga aka yanke wa hukunci ne, masu jiran shari'a a kurkukun gundumomi suke. A Najeriya kuwa kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali jiran shari'a suke yi. Ƙofar da ta toshe a nan ita ce tsawon zaman jira: fayil yana wajen 'yan sanda, ana jiran shawarar daraktan gabatar da ƙara, an ɗage zama saboda babu motar kai fursuna kotu.

Sai dai lissafin shiga da daɗewa bai san iyakar ƙasa ba. A Nuwamban 2023 ma'aikatar harkokin cikin gida ta sanar da biyan tarar naira miliyan 585 don sakin mutum 4,068. Alheri ne ga waɗanda suka fita, haka ma zagayen da manyan alƙalan jihohi ke yi suna sallamar waɗanda suka daɗe, da tarar da gwamnoni ke biya da azumi. Amma sakin rana ɗaya ba ya taɓa yawan masu shigowa, ba ya taɓa daɗewarsu, don haka adadin yana komawa inda yake cikin watanni. Sababbin gidaje masu ɗaukar mutum 3,000 irin na Janguza a Kano su ma za su bi sawun gadaje 108,000 na Texas matuƙar zaman jira bai gajarta ba. Jihar da ake tsare mata mutum 6,000 a shekara, a misali, in ta rage matsakaicin jira daga wata goma zuwa takwas, ta sami gado 1,000 ba ta sayi buhun siminti ɗaya ba.

Tun gyaran kundin tsarin mulki na 2023 jihohi na da ikon kafa gidajen gyaran halinsu, wato tambayar a gina ko kada a gina za ta riƙa zuwa teburin gwamnoni da majalisun jihohi. Kayan lissafin kuma ba sai an je nesa ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta wajabta wa shugaban hukumar gidajen yari ya riƙa aika wa manyan alƙalai da antoni janar, duk kwana 90, sunayen waɗanda suka haura kwana 180 a tsare suna jiran shari'a. Kowace takardar tsarewa tana ɗauke da ranar da aka kawo mutum, da kotun da ta aiko shi, da laifin da ake tuhumarsa. Wanda ya tattara waɗannan na shekara uku a jiha ɗaya zai iya faɗin kotun da fayil ya fi kwana a cikinta, da gado nawa kowane wata na jinkirinta ke ci.